Da Wane Harshe Naushi Ke Ƙara? Sharhi kan Bikin BD na Alje

Ƴan uwa, mafi yawanku kun san bursi ce ta kawo ni Aljeriya karatun kimiyyar harshe. A watan Oktoba wani abokin ɗakina a site ya matsa mini lamba sai mun je FIBDA, bikin littattafan zane da ake yi a Alje tun 2008. Muka shiga metro har Jardin d'Essai, muka hau tudun Riadh El Feth, inda aka kakkafa manyan tantuna a gindin Maqam Echahid, hasumiyar tunawa da shahidan yaƙin ƴanci. Na wuni can har magariba. Abin da na gani ne zan yi sharhi a kai, tare da wata tambaya da ta biyo ni gida.

In fara da yabo, don akwai abin yabo. BD ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1969 Slim ya fito da Bouzid da Zina, har yau dattawa na dariya in an ambace su. A shekarun 1990 an kashe wasu masu zane, wasu suka yi gudun hijira, sana'ar ta kusa mutuwa. Ganin tsoho mai furfura yana sa hannu a littafi, jikokinsa na layi a gabansa, ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ga abin da suke kira DZ-manga, wato manga ƴar gida, wadda mujallar Laabstore ta yi wa reno. Zubin na Japan ne, baƙi da fari, manyan idanu, ana buɗe littafin daga dama zuwa hagu, abin da bai ba ɗan makarantar allo wahala ba ko kaɗan. Amma labarin na unguwa ne. Akwai ɗaya mai suna Degga, kan karon raguna da samarin Alje ke shiryawa gab da Sallar Layya. Wanda ya dubi ragon layya ya ga jarumi a cikinsa, wallahi ya san abin da yake yi.

Sai dai ba a teburin littattafai jama'a ta fi taruwa ba. Tana wajen masu kosfile, wato shigar kwaikwayon jaruman manga da na wasannin bidiyo. Na ga Naruto ya fi goma, na ga Luffy da malfarsa, na ga ƴan mata sun ɗinka kayan jaruma sun haɗa da hijabi, kuma ya zauna. Ban raina wannan ba. Mutumin da ya san tashe da azumi, ko wasan kara na Damagaram, ba zai ce shigar wani wauta ce ba. Akwai ɗinki, akwai haƙuri, akwai ƙarfin hali. Abin da na lura da shi kawai, mu ƴan kallo muna ɗaukar hoto ɗari kafin mu sayi littafi ɗaya.

Ni rannan rigata ta Juma'a na sa, shadda mai aiki, da hula. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya tare ni, ya ce da Faransanci: "Kai wane ne? Daga wace manga?" Na ce mishi daga Maraɗi. Ya yi shiru yana tuno ko ya taɓa karanta ta, sannan ya ce mu ɗauki hoto duk da haka. Abokina ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai: ko ƙarya na so yi, ba ni da sunan jarumin zane ko ɗaya mai magana da Hausa da zan ba yaron nan.

Daga nan na bar kallon tufafi na koma sauraren baki. A fili ɗaya ana Darja, Larabcin titi, ana Faransanci, ana Kabilanci, ana tsarma Japananci: senpai, baka, arigato. Aro ba laifi ba ne, mu da muke cewa lakol da kaye da bik ba mu da bakin magana. Ɗan ƙwallon nan da muka sani da Olive a tele, su Majid suka san shi, a Japan kuma Tsubasa ne sunansa na yanka. Yaro ɗaya, suna uku, kowa na rantsuwa nasa ne na gaskiya. Wannan ya nuna abin da ya shiga kunnenka da harshen da ka saba shi ne ke zama naka.

A teburin wasu matasa na sayi ɗan littafi mai shafi ashirin da ƴan kai, bugun fotokofi kamar namu. Zane mai kyau, faɗan unguwa, mutanen ciki na magana da Darja. Na ji daɗi. Amma da aka kai naushi sai na ga PAF, da mutum ya faɗi sai BOUM, mota ta tashi VROUM. Bakin mutane na gida, amma duniyar da suke ciki da Faransanci take ƙara. Na tambayi mai zanen mi ya sa. Ya dubi shafin kamar yau ya fara ganinsa, ya ce ai haka ƙara take. To, a nan gizo ke saƙa. Ƙara ba haka take ba, haka dai muka koye ta a littafin wasu. Zakaran Bafaranshe cocorico yake yi, namu kuwa ƙiƙiriƙi, alhali zakara ɗaya ne.

Masu manga sun san wannan sarai. Japananci na da kalmomin kwaikwayon sauti da suke kira giongo, da na kwaikwayon yanayi da suke kira gitaigo, kuma mai zane da hannunsa yake zana su, su zama ɓangaren hoton. Bugun zuciya doki doki ne. Har shiru yana da tasa kalma, shiin, ana rubuta ta a saman ɗakin da ba mai motsi. Mai fassara zuwa Faransanci in ya zo nan sai ya yi ta kame-kame, don ba shi da kalma ɗaya tilo da zai ajiye a gurbin.

Mu fa? Muna da tsit. Muna da jugum da zugum, kuma kowane Bahaushe ya san ba ɗaya suke da tsit ba: tsit ɗaki ne ya yi, jugum mutum ne da damuwa. Gaba na faɗuwa ras, mai tsoro na ɗar-ɗar, ƙato na faɗuwa tim, tsuntsu na tashi fir, ɓarawo na wuf da jaka, mai gudu na tsayawa cak, dutse na faɗawa rijiya tsundum. A aji sunansu amsa-kama. Galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, su kuwa waɗannan da yawansu da baƙi suke rufewa, shi ya sa suke dukan kunne. Ana iya ja musu wasali, fiiir, ana iya ninka su, tim-tim. Abin da malamin nahawu ke ajiyewa a babin ƙarshe, shi ne jarin mai zane. Kakanninmu da ke ba mu gatanan Gizo da Ƙoƙi da dare ba su da hoto, da waɗannan kalmomi suke zana mana.

Na san abin da za a ce. Na farko, kasuwa: wa zai sayi BD da Hausa? Tambaya ce ta gaskiya, takarda da tawada ba kyauta ba ne. Amma littattafan soyayya na Kano ba su jira izinin kowa ba, kuma mun ga yayyenmu mata na karɓar aronsu hannu da hannu a Maraɗi. Aya de Yopougon, da Marguerite Abouet da Clément Oubrerie suka fara fitarwa a 2005, ba ta wanke Faransancin Abijan ba, ƙaramin ƙamus ta sa a ƙarshe, duniya ta bi ta a haka. Na biyu, haruffa: yawancin salon rubutun BD na kwamfuta ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Gaskiya ne. Maganinsa bik da hannu.

Za a kuma ce mu zana Sarauniya Mangu, ko kokowar Takobi da ake yi tun 1975. Na yarda, kokowa ma manga ce da ba a zana ba: ga horo, ga abokin gaba, ga kirari, ga jiha takwas a fili ɗaya. Amma in ɗan kokowa ya kai abokin karonsa ƙasa aka rubuta BOUM, kosfile kawai muka yi, mun sa wa littafin wasu walki da laya.

A 2025 an rubuta a takardar mulki cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Takarda ta yi nata. Yaro dai ba ya karanta doka, abin da ke sa shi dariya yake karantawa.

Don haka ga roƙona ga ƙungiya. A fitowa ta gaba a ware shafi biyu na tsakiya. Cikinmu akwai masu cika bayan kaye da zanen Goku lokacin darasi, mun san su, kada in kama suna. Su kawo hannu, ni zan kawo jerin amsa-kama da na fara tarawa, na wuce ɗari. Wanda ya san na garinsu, na Tawa ko Damagaram ko Dogonduci, da ba a faɗi a Maraɗi, ya rubuto mini. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda zai faɗi a shafin nan, ya faɗi tim.