Wa Ya Cancanci Yarinyar? Nazari a Kan Hukuncin Masu Kallo

Daga cikin finafinan da aka shirya wa matasa a Amurka a shekarun 1980 akwai wani nau'i wanda ba ya cin dukiya mai yawa, domin kayan aikinsa ba su wuce harabar makarantar sakandare, da tsohuwar mota, da 'yan wasa uku waɗanda farashinsu bai riga ya tashi ba. Wannan nau'i shi ne ƙissar samari biyu masu neman budurwa guda, ko 'yan mata biyu masu son saurayi guda. Tun da yake babu yaƙi a cikinsa, babu kuma wani abin al'ajabi da zai shagaltar da ido, sai nauyin labarin dukansa ya taru a kan mas'ala ɗaya, watau wa za a zaɓa a ƙarshe, kuma a kanta ne masu kallo sukan bar kujerar kallo su hau ta alƙalanci.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar Pretty in Pink, wanda John Hughes ya rubuta, Howard Deutch ya ba da umarni, kamfanin Paramount ya fitar a watan Fabrairu na 1986, bayan an kashe masa kimanin dala miliyan 9, abin da ba a bakin kome yake ba a ma'aunin Holiwud. Molly Ringwald ce ta fito a matsayin Andie, 'yar talakawa mai ɗinka tufafinta da hannunta, wadda uwarta ta gudu ta bar ta da uba marar tsayayyen aiki. Tana da aboki tun na ƙuruciya, Duckie, matalauci irinta, wanda ya daɗe yana ɗauke da sonta yana lulluɓe shi da barkwanci. Ita kuwa zuciyarta ta karkata ga Blane, ɗan masu hali, wanda ya gayyace ta bikin rawa na kammala makaranta, sa'an nan ya janye saboda tsoron gorin abokansa.

A rubutun asali, Andie da Duckie ne suka ƙare tare a wurin bikin, kuma haka aka ɗauka. Amma kamfanonin fim suna da al'adar tara jama'a su nuna musu fim kafin a sake shi, don su auna karɓuwarsa. Da aka yi wannan gwaji, sai matasan da ke cikin zauren suka yi ta ihun ƙin amincewa da ganin ƙarshen. Hughes ya sake rubutu, aka kirawo 'yan wasa aka sake ɗauka, alhali Andrew McCarthy, mai fitowa a matsayin Blane, ya riga ya aske kansa saboda wani wasan daɓe, har sai da aka ɗora masa gashin aro. Mawaƙan OMD na Ingila, waɗanda suka tsara waƙa don ƙarshen farko, dole suka tsara wata cikin gaggawa, ita ce If You Leave, wadda ta kai matsayi na 4 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 40, littafin da aka buga na labarin kuwa ya fito da ƙarshen asali, ya zama hujja a hannun masu jayayya.

Saɓanin da ya biyo baya ya kasu mazhaba uku. Ta farko ita ce ta matasan zauren gwaji, masu ganin cewa zuciya ita ke da haƙƙin zaɓi, kuma da an mayar da Andie ga Duckie, da fim ɗin ya koyar da cewa ɗiyar talaka ba kufu'in ɗan mai kuɗi ba ce, kowa ya tsaya a matsayinsa. Ta biyu ita ce ta masu kishin Duckie, waɗanda suka yi ta ƙaruwa da shekaru suka tura, suna cewa an zalunci mai amana an saka wa matsoraci, domin Blane ya juya baya a ranar da ake bukatarsa, kuma tubansa na 'yan mintoci bai isa kaffara ba. Ta uku ta zo daga baya, tana ƙaryata duka biyun: a wurinta hidima ba ta wajabta so, dogon jiran Duckie bai mallaka masa yarinyar ba, raunin Blane kuma bai sa ya cancance ta ba, saboda haka da ta tafi bikin ita kaɗai ta komo ita kaɗai, da ya fi mata daraja.

Hughes kansa bai saki mas'alar ba. A 1987 shi da Deutch suka fitar da Some Kind of Wonderful, wanda gininsa ɗaya ne da na farko, illa dai an juya jinsi: Keith, ɗan talakawa mai aikin gareji, yana bin Amanda mai farin jini, alhali abokiyarsa Watts tana sonsa a ɓoye, kuma a wannan karon Watts ce ta yi nasara. Masu kishin amana sun sami abin da suke nema, amma kasuwa ba ta ba wannan fim ko rabin abin da ta ba na farko ba.

Akwai kuma wanda ya ƙi lallashin kowa, shi ne The Last American Virgin na 1982, wanda Boaz Davidson ya shirya wa kamfanin Cannon, ya ɗauko shi daga wani fim nasa da ya yi a Isra'ila a 1978. Galibinsa wasan batsa ne wanda mai kunya ba zai yaba ba, amma kashinsa na ƙarshe ya juye ya zama baƙin ciki tsantsa. A cikin labarin, wani saurayi, Rick, ya yi wa wata yarinya, Karen, ciki ya watsar da ita. Gary, mai sonta da gaske, ya sayar da kayansa, ya ci bashi, ya biya kuɗin likita, ya yi jinyarta, ya saya mata sarƙa. Da ya isa bikin ranar haihuwarta sai ya tarar ta koma wa Rick, fim ya ƙare yana tuƙi yana hawaye. Waɗanda suka gan shi suna samari sun fita da fushi, suna la'antar Karen da butulci, amma da yawansu, bayan duniya ta koya musu karatu, suka dawo suna shaida cewa wannan ƙarshe shi ne kaɗai abin da ya hana a manta da fim ɗin.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, mai kallon irin wannan fim ba fasahar ɗauka yake aunawa ba, kuma yakan yafe raunin sauti da gashin aro. Abin da ba ya yafewa shi ne a raba so ba bisa adalcin da ya yi imani da shi ba. Wannan adalci kuwa yana sauyawa da shekarun mai hukunci, domin ɗan shekara goma sha bakwai yana ganin kansa a cikin mai zaɓi, wanda aka taɓa yaudara yana ganin kansa a cikin wanda aka bari, uban 'ya'ya mata kuma yana tambaya ko akwai nagari a cikin samarin biyu. Illar al'adar gwaji ita ce takan ɗauki fatawar dare ɗaya, daga bakin tsara ɗaya, ta mayar da ita hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ta cika aljihun Paramount, wannan babu shakka. Amma kamfanin da ya bi ihun zaure ya sayi yardar mutanen da su kansu za su sauya ra'ayi kafin su kai shekara talatin.