Wane Turare Ne Ya Ci Kuɗinsa?



Abin da ya sa na ɗauki biro a kan maganar turare, wata amarya ce mai karanta littattafaina ta zo har gida ta same ni, da kwalba a jaka, idanunta sun yi rau-rau. Wai ta karanta a wani littafina inda na ce yarinyar labarin ta fesa turare ta sauko daga bene, ƙamshinta ya riga ta isa falo, har maigida ya saki cokali. Shi ne ita ma da ta kwashi adashinta ba ta sayi komai ba sai kwalba ɗaya ta Baccarat Rouge 540. Ta fesa da hantsi, kafin ta ɗora tukunya ta daina jin komai. Ta ƙara, ta sake ƙarawa. Da angon ya dawo daga kasuwa ko zama bai yi ba ya ce ta buɗe taga, kansa na sarawa. Allah sarki! Na yi dariya a lokacin, amma bayan ta tafi sai kunya ta kama ni, domin laifin namu ne mu marubuta. Muna jera sunayen turaruka a littafi don dai a san gidan masu hali ne, ba mu taɓa tsayawa mun ce wannan na kaza ne wancan na kaza ba.

To ni ba mai arzikin sayen manyan kwalabe ba ce. Wasu aro na yi wurin yayata, wasu kuma na sayi ɗan awo a 'yar mitsitsiyar kwalba, na riƙa shafawa ina lura, a zafi da hunturu, a kicin da gidan biki. Abin da nake dubawa shi ne irin ƙamshin, da tsawon zamansa a jiki, da wuraren da mace za ta shiga da shi ba ta takura kowa ba. Sai na ƙara wani ma'auni da Turawan da suka haɗa su ba su san da shi ba, wato ko turaren zai zauna lafiya da humra da turaren wuta. Domin wace ce a cikinmu take fesa turaren kanti a kan tufar da ba ta sha hayaƙi ba?

Kafin mu shiga, ki riƙe abu biyu. Turare hawa-hawa ne. Abin da kika ji a minti goma na farko, irin su lemo da 'ya'yan itace, shi ne mai saurin tashi, kuma shi ne ke yaudarar mutane a kanti. Bayansa furanni ke fitowa, sannan can a ƙasa akwai masu nauyi irin sandal da miski da banila, su ne za su kwana a mayafinki. Na biyu, karanta abin da aka rubuta a gindin kwalba. Wanda aka sa wa Eau de Toilette man ƙamshin da ke ciki kamar kashi 5 ne zuwa 15 cikin ɗari, Eau de Parfum kuwa kamar 15 zuwa 20, shi kuma Extrait ya fi su duka kauri. Suna ɗaya, kwali kusan iri ɗaya, amma aikinsu ba ɗaya ba.

Bari in fara da wanda ya sa amarya kuka. Baccarat kamfanin gilashi ne a Faransa, tun 1764 suke sana'ar. Da suka cika shekara 250 a 2014 sai wani gwanin haɗa turare mai suna Francis Kurkdjian ya yi musu wannan turare, daga baya aka sake shi kasuwa. Ita kuwa lambar 540 ma'aunin zafin wutar da ake gasa gilashinsu ne, wanda aka gauraya da garin zinariya, har ya rikiɗe ya zama ja. Ƙamshinsa za'afaran ne da yasmin, a kan wani zaƙi kamar an ƙona sukari za a yi alewa, da ɗan gishiri-gishiri irin na anbar, da katako sabon fafewa. Gaskiya yana da daɗi, ba zan ci amanarsa ba. Wasu dai hancinsu asibiti yake jiyo musu a ciki, kamar an buɗe kwalbar aidin, kuma ba ƙarya suke yi ba, hanci ne ya bambanta.

Wajen daɗewa babu na biyunsa a cikin waɗanda na gwada. Na fesa a gyale ranar Talata, har Juma'a yana nan. Sai dai yana da wani mugun hali: mai shi ita ce farkon wadda ke daina jin sa. Sinadaran da suka riƙe shi masu gajiyar da hanci ne da wuri, sai ki ɗauka ya tafi, alhali na ƙofar gida ma yana jin ki. Abin da ya sami amaryata ke nan. Ta yi fesa goma a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, ga zafin watan Afrilu, ina kai ba zai sara ba? Fesa biyu ya ishi mace wuni. Kuma ba na yarda a ce turaren kowane wuri ne. Ba na zuwa dubiya da shi, ba na shiga motar haya da shi, balle gidan gaisuwa. Ga kuma gargaɗin malamai a kan mace ta fita da ƙamshi mai tashi, wanda kowaccenmu ta sani. In kin cire duk waɗannan, me ya rage? Kamu da walima da cikin ɗakinki. A 2024 kwalba mai mililita 70 ta haura dala 300 a kantunan Amurka, ki lissafa da kanki. Abin da ya fi ba ni haushi ma, an kwaikwaye shi har ya zama gama-gari. Kamfanonin Dubai sun yi masu kama da shi birjik, irin Ana Abiyedh Rouge na Lattafa, ki shiga taron biki ki ji shi ta ko'ina. Kin zuba kuɗin keken ɗinki don ki fita daban, kin dawo kina ƙamshi irin na kowa.

Sai tsohuwar zuma, Chanel No 5. Wannan ya girmi kakanninmu da yawa, domin a 1921 ya fito. Wani mai suna Ernest Beaux, haifaffen Rasha, shi ya haɗa wa Coco Chanel, kuma labarin da aka fi bayarwa shi ne kwalba ta biyar ta zaɓa cikin samfuran da ya kawo mata. Abin da ya bambanta shi a zamaninsa wani sinadari ne da ake kira aldihaid, da aka zuba masa da yawa. Shi ne ke ba da ƙamshin nan na sabulu mai tsada, ko farin zane da aka wanke aka goge. 'Yan mata da yawa da sun shinshina sai su yatsina fuska, su ce ai wannan na hajiyoyi ne. Ni ma haka na ce da farko. Amma ki yi haƙuri da shi rabin awa ki gani. Sabulun zai lafa, wardi da yasmin su fito, daga nan ya sauka kan sandal da banila da saiwar wata ciyawa 'yar uwar jemar nan tamu. Yasmin ɗin da ake sa wa mai kaurin cikinsu daga garin Grasse na kudancin Faransa ake samo shi, da hannu ake tsinkar furen da sassafe kafin rana ta buge shi.

A nan ne na sha mamaki. Duk cikin turarukan nan babu wanda ya yi zaman amana da humra kamar wannan tsohon. Dalili kuwa a fili yake, gindinsu ɗaya. Humrar da aka jiƙa da sandal da farce da miski in ta haɗu da No 5 sai ki rasa inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Ba ya ihu, iyakarsa wanda ya zauna kusa da ke, kuma a fatata yakan yi awa shida ko fiye. Aibinsa ɗaya, ba ya son gumi. Ki fesa shi da tsakar rana a bazara ki shiga kicin, sabulun nan sai ya yi kaifi ya riƙa yankar hanci. Na bayan wankan magariba ne, ko na sanyin hunturu.

J'adore na Dior ba zan daɗe a kansa ba. Calice Becker ce ta haɗa shi, ya fito 1999, kwalbarsa mai dogon wuya da zobban zinariya, ita kaɗai ma ado ce a kan madubi. Furanni ne zalla masu haske, babu nauyi, babu wanda zai ce kin dame shi. Za ki je makaranta da shi, ki je asibiti, ki je gaida surukai. Amma fa a zafinmu ba ya jimawa, kafin la'asar sai ki neme shi ki rasa, kuma turaren wuta yana haɗiye shi ɗungurungum. In kayanki sun sha hayaƙi, asarar fesawa kawai kika yi.

Akwai kuma 'yan zaƙi guda biyu da 'yan mata ke rububi, La Vie Est Belle na Lancôme wanda ya fito 2012, da Black Opium na Yves Saint Laurent na 2014. Na farkon alewar gyaɗa ce da banila da wani fure mai ƙamshin hoda. Na biyun gahawa ce da madara da sukari. Dukansu suna da farin jini don ba sa buƙatar haƙuri, da an fesa sai daɗi. La Vie Est Belle yana da naci ƙwarai, yakan wuni har ya kwana. Shi kuwa Black Opium ya fi baki fiye da aiki, awa huɗu zuwa biyar ya lafe a jikina, gahawar ma ita ke fara guduwa ta bar ni da banila. Matsalata da su ita ce, waɗanda suka haɗa su sanyin Faris suke ji. A ƙasar da ake sa rigar sanyi wata da watanni, zaƙi yana ɗumama jiki. Mu kuwa zafi yana tayar da turare da sauri ya ninka ƙarfinsa, sai zaƙin ya yi yawa har ya gundure, kamar an tilasta miki shan shayi mai sukari cokali bakwai. Mai ciki kam kada ma ta kusance su. Sannan in suka gamu da turaren wuta irin na Maiduguri, wanda shi ma da sukari ake ƙulla shi, zaƙi kan zaƙi ke nan. Ki ajiye su sai iskar hunturu ta kaɗa, lokacin ne suke nuna kyansu. Kuma da yake fata busasshiya ba ta riƙe ƙamshi, ki fara shafa ɗan basilin marar ƙamshi a wurin kafin ki fesa.

Da za a ce kwalba ɗaya tak za a sa mini a lefe, Coco Mademoiselle zan ce. Shi ma na Chanel ne, Jacques Polge ya haɗa shi, ya fito 2001. Yana buɗewa da lemo mai sanyi wanda ke wartsakar da mutum ko a cikin zafi, wardi ya biyo baya, sannan ya zauna kan fachuli, wani ganye ne da ake nomawa a Indonesiya mai ƙamshi kamar ƙasa in ta sha ruwan farko. Wannan ganyen shi ne ƙashin bayansa, shi ya sa yake kai ni daga safe har dare bai koma zaƙi ba. Fesa ɗaya a ƙarƙashin riga ya isa unguwa ba tare da an juyo ana kallonki ba, uku kuma ya isa biki. Ba ya narkewa cikin humra kamar yayansa No 5, amma ba sa faɗa, kowa yana tsayawa a matsayinsa. Ban ce ya fi su daɗi ba fa. A daɗi zalla ni No 5 na fi so. Kuma ba sabon abu ba ne, mata da yawa suna da shi. Amma a cikin kwana talatin na wata, shi ne zan iya ɗauka sau ashirin da biyar ban yi nadama ba, Baccarat kuwa da ƙyar in taɓa shi sau uku. In kika raba kuɗin kowanne da yawan ranakun da zai yi miki aiki, sai ki ga wanda ya ci kuɗinsa.

Wani hanzari kuma, duk wannan bayani a kan na gaskiya nake yi. Jabu ya yi yawa, kwali sak, kwalba sak, ruwan ciki kuwa Allah kaɗai ya san abin da aka zuba. In aka ce miki ga Chanel a kuɗin atamfa ɗaya, ki riƙe kuɗinki. Ki duba lambar da ke gindin kwalba ta yi daidai da ta kwali, ki fesa a bayan hannu ki tafi gida, kada ki saya ran nan. Na jabu minti goman farko kawai ya iya kwaikwaya, bayan awa ɗaya sai warin sinadari ko shiru. In kin saya kuma kada ki jera shi a taga don baƙi su gani, rana da zafi suna lalata turare, cikin durowa ya fi masa.

Amaryar nan ta dawo bayan sati biyu. Nata na gaskiya ne, mun duba tare. Na ce mata ta riƙa fesa ɗaya a bayan wuya tun kafin la'asar, kada ta ƙara ko da ta daina ji. Ta ce ango bai sake cewa a buɗe taga ba, har ya tambaye ta ko sabon turare ta saya. Sauran kwalbar kuwa ta ɗura rabi a ƙananan kwalabe ta sayar wa ƙawayenta, ta mayar da wani abu daga kuɗin adashinta.