Betty Crocker Ta Koyar, Kwalinta Ba Ya Koyarwa

Ba a taɓa haihuwar Betty Crocker ba, amma a 1945 mujallar Fortune ta sa ta a matsayi na biyu cikin matan da suka fi suna a Amurka, bayan Eleanor Roosevelt. Kamfanin fulawa na Washburn-Crosby da ke Minneapolis ne ya ƙirƙiro ta a 1921. Sun shirya gasa don tallar fulawarsu Gold Medal, sai amsoshi suka riƙa zuwa haɗe da tambayoyin mata kan gashin kek da burodi. Don wasiƙun amsa su fito da sa hannun mace, aka ari Crocker daga sunan wani tsohon darakta, William Crocker, aka liƙa masa Betty.

Abin da ya ɗaukaka ta koyarwa ce. A 1924 ta fara darasin girki a rediyo, a 1928 kamfanin ya shiga cikin General Mills, a 1950 kuma aka fitar da jan littafin girkinta mai hotuna, mai nuna aiki mataki-mataki. Tallar fulawa ake yi, babu musu, amma mai sauraro tana tashi da sanin abin da ke sa kek ya tashi da abin da ke sa ya zauna.

Sai aka shiga zamanin kwali. Haɗaɗɗen garin Bisquick na kamfanin ya fito a 1931, haɗaɗɗen garin kek mai citta ya biyo baya a 1947. Masu koyar da talla suna son labarin nan cewa garin ya ƙi sayuwa har sai da masanin halayyar masu saye Ernest Dichter ya ce a bar mace ta fasa ƙwai da hannunta don ta ji ita ma ta yi wani abu. Labarin da daɗi, sai dai tun a shekarun 1930 kamfanin P. Duff and Sons na Pittsburgh ya yi rajistar garin da ake fasa wa ɗanyen ƙwai. Dalili a fili yake: ɗanyen ƙwai ya fi busasshen garinsa daɗi a kek. Matan Amurka ba yara ba ne da za a rarrasa da ƙwai biyu.

Yau kwalin garin kek na Betty Crocker mai jan cokali yana kan kantocin manyan shaguna a Abuja da Kano, a daidai lokacin da 'yan mata da matan aure suka rungumi sana'ar kek, suna talla a Instagram. Ba na ganin laifin wadda ta ɗauko kwali. Ga tsadar bota da ƙwai, ga gas, ga mai biki tana jiran kayanta gobe. In kek ya ƙi tashi, uwar kuɗi ce ta tafi. Kwali ba ya ba da kunya.

Damuwata ita ce kwalliya ta rinjayi gashi. Ana kwana ana ƙera furanni da leshi na sukari a saman kek, a yanka kuma a ji ɗanɗano iri ɗaya daga wannan biki zuwa wancan, zaƙi da ƙamshin banila, shi ke nan. Hoto ne ke kawo ciniki, shi ya sa aka fi kashe kuɗi wajen koyon ado fiye da koyon kwaɓi.

Kuma kwalin an rubuta shi ne don obin mai tsayawa cak a kan zafin da aka saita. Na Amurka har da ƙarin bayani ga mazauna kan tsaunuka, amma babu layi ɗaya ga mai gashi a tukunya da yashi bisa gawayi. Ita wannan dole ta san kwaɓinta da ido, ta gane wuta da tafin hannu. In ta san tsohon awon nan, wato fulawa da bota da sukari da ƙwai kowanne nauyi ɗaya, ko dala ta tashi kwali ya gagara saye, odar ranar Asabar za ta fita.