Launi da Maƙwabcinsa a Saƙar Kwarashi

Da zarar iska ta fara juyawa a ƙarshen Oktoba, shagunan masu sayar da ulu a Kano da Zariya da Maraɗi sukan cika da mata. Wata za ta saƙa wa jaririn ƙanwarta kayan suna, hula da safa da riga da mayafi. Wata kuma sana'arta ce, tana da masu jira. Zaren yana jere tun daga ƙasa har rufi, kowane launi da 'yan uwansa biyar ko shida. Amma idan ka duba abin da ke fitowa daga hannun da yawa daga cikinsu bayan mako biyu, sai ka ga saƙa ta yi kyau, ido ya daidaita, baki ya miƙe, launuka kuwa suna ta faɗa da juna. Hannu ya ƙware, ido ne ba a horar ba. Wannan yana damuna, domin mu mutane ne da suka yi suna a duniya da rini da saƙa, kuma abin da ake bukata a nan yana cikin kayan da kakanninmu suka bari.

Saƙar kwarashi ba ta da wurin ɓuya. Mai ɗinkin atamfa ta tarar an riga an haɗa mata launuka a masaƙa, nata yanka ne da ɗinki. Mai kwarashi kuwa ita ce mai zaɓe tun daga zaren farko. Kuma idon kwarashi yana da kauri da tsayi, saboda haka kowane launi yakan zauna a matsayin layi mai faɗi ko dunƙule guda, kafaɗa da kafaɗa da na kusa da shi, babu wani siririn zare da zai sulhunta su. A nan ne ake gane cewa ƙullin zaren da ya burge ka shi kaɗai a hannun mai shago yana iya mutuwa idan aka ajiye shi kusa da wani.

Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel-Eugène Chevreul, ya ci karo da wannan matsala a kan zaren ulu. A 1824 aka naɗa shi shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Faris, inda masaƙa ke kukan cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya fitowa baƙi sosai. Ya bincika rinin, ya tarar ba shi da aibi. Laifin na maƙwabci ne: baƙin da ke kusa da shuɗi ko shunayya ido yakan gan shi ya yi ja-ja ko rawaya-rawaya, ya rasa ƙarfinsa. A 1839 ya fitar da littafi a kan wannan, wanda masu zane a Turai suka daɗe suna amfani da shi. Gundarin abin da ya gano shi ne ido ba ya ganin launi shi kaɗai, kullum tare da na gefensa yake auna shi.

Masaƙan ƙasar Hausa sun yi aiki da wannan sani ba tare da littafi ba. Launukan da ke hannunsu kaɗan ne. Akwai farin auduga. Akwai baba, wanda marina irin ta Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarta da 1498, da marinan Kura suke fitar da matakansa, daga shuɗi mai haske zuwa wanda ya nutse har ya koma baƙi mai ƙyalli bayan bugu. Akwai zaren tsamiya mai ruwan ƙasa. Sai kuma jan alharini da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus, mai tsada. Dubi saƙi: zare mai duhu da siririn fari ne kawai aka sarƙa, ya fito da ɗige-ɗige irin na gashin zabo, har matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya yi maganar rigar saƙi a rubuce-rubucensa. Dubi barage, inda jan alharini ke ratsa duhun baba. Jan nan yana haskawa ne saboda duhun da ya kewaye shi. Tsadar alharini ta koya wa masaƙi awo: launi mai ƙarfi a ba shi wuri daidai gwargwado, mai sanyi ya ɗauki nauyin fili.

Wanda ya fi kusa da kwarashi a cikin sana'o'inmu, a ganina, faifai ne. Shi ma daga tsakiya ake fara shi, a yi ta kewayawa ana faɗaɗawa, kamar yadda ake fara hular jariri ko shimfiɗar tebur. Ɗauki tsohon faifai na kirki ka juya shi a hannu. Cibiyarsa sau da yawa launin kaba ce tsura. Bayan 'yan zagaye sai ja ya shigo, irin jan da a da ake samu daga karan dafi, ya yi zagaye biyu ko uku, sai siririn baƙi ya tare shi, sannan a sake sakin fili na kaba kafin wani ado ya biyo. Wannan siririn baƙin shi ne ke hana ja ya malale cikin rawaya. Filin da aka bari kuma shi ke ba ido hutu. Tsohuwar da ta yi shi ba ta ƙirga komai a takarda ba, amma ta san inda za ta tsaya.

Abin da ya canza shi ne yawa. Tun da William Perkin ya haɗa rinin shunayya na sinadari a Ingila a 1856, kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban kanti a 1897, launi ya daina tsada. Ulun da ake sayarwa yau galibinsa na roba ne, kuma ja da kore da ruwan lemo duk kuɗinsu ɗaya. Wannan alheri ne, ba na fatan a koma baya. Sai dai tun da babu tsadar da za ta taka wa mai saƙa birki, dole idonta ya yi wannan aikin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kula da sunan launi a manta da haske da duhunsa. Ja da kore sun bambanta ƙwarai a suna, amma idan nauyinsu ɗaya ne, wato babu wanda ya fi wani duhu, to a jikin mayafi adon zai ɓace daga nesa, daga kusa kuma iyakarsu ta riƙa rawa a ido. Akwai gwaji mai sauƙi. A jera ƙullayen zaren a kan farin ƙyalle a bakin ƙofar shago, a ɗauke su hoto da waya, a mayar da hoton baƙi da fari. Waɗanda suka koma toka iri ɗaya ba za su fito da juna ba. Ana so a sami mai duhu, da mai haske, da matsakaici. Wasu ƙwararru sukan kama bakin zare biyu su murɗa su tare a yatsa: idan sun narke cikin juna, a nemi na uku da zai shiga tsakani. Kuma a yi duk wannan a hasken rana, domin fitilar cikin shago takan sa ruwan madara ya zama fari, ruwan goro ya zama ja.

Batun ruwan hoda ga mace da ruwan omo ga namiji ya kama kasuwar kayan jarirai kamar wata doka. Ba tamu ba ce, kuma ko a inda ta fito ba ta daɗe ba. A 1918 wata mujallar masu sayar da kayan yara a Amurka tana ba da shawarar ruwan hoda ga yaro namiji, sai wajen shekarun 1940 abin ya tsaya yadda aka san shi yanzu. Babu laifi mutum ya so su. Abin takaicin shi ne waɗannan launuka masu fatsi-fatsi an zaɓe su ne a hotunan wasu ƙasashe masu wani haske daban, kuma yawancin samfuran da ake kwaikwaya daga waya can aka ɗauke su. Namu lokacin saƙar kuwa ya zo daidai da hunturu: hazo, ƙura, jan ƙasa. Farin mayafi da ruwan hoda mai haske kwana kaɗan suke yi su dushe, su koma wani abu tsakanin toka da ƙasa. Ruwan ɗorawa, makuba, shuɗi mai nauyi, algashi, waɗannan suna jure ƙura, kuma suna zama daram a kan baƙar fata, su haska fuskar yaro. Fari kuwa ya fi kyau a matsayin layin baki ko ɗan ratsi. Inda fari zalla ya ci nasara, kamar a hular nan tashi-ka-fiye-naci, ramukan saƙar ne ke yin adon, inuwarsu ita ce launi na biyu, kuma hula ce da ake wankewa a shanya ta bushe nan da nan.

Zaren da aka rina shi launi-launi a ƙulli guda yana da daɗin kallo a shago, amma a saƙar kwarashi launukansa sukan taru wuri ɗaya su yi tabo-tabo ba tsari, su kuma haɗiye duk wani adon ido da aka wahala a kansa. Wurinsa shi ne saƙa mai sauƙi, da zare guda tsura a gefensa.

A cibiyoyin koya wa mata sana'a ana ɗaukar makonni a kan riƙon kwarashi da ƙirga ido, amma da wuya a ware darasi guda a kan launi. Ya kamata a ware. A kawo saƙi da faifai da tabarma cikin aji, ɗalibai su ƙirga zagaye nawa aka ba ja, nawa aka ba fili, sannan kowacce ta saƙa ɗan guntu kamar tafin hannu da zaren da ta zaɓa, a jingine shi a bango a ja da baya a duba, kafin ta sayi na aiki duka. A koya musu su jiƙa bakin jan zare su matse shi a farin ƙyalle, su ga ko yana zuba, kafin su haɗa shi da fari. A koya musu kuma su duba lambar rini da ke jikin takardar ƙulli idan akwai, su sayi abin da zai ishe su daga lamba ɗaya a lokaci ɗaya, domin shuɗin da aka rina a wannan zubi da na zubi na gaba sukan ɗan saɓa, kuma saɓanin ba ya nunawa sai an kai tsakiyar mayafi.