Fastar kamfe a ƙungiyar sa kai

Wani salo ya shigo wa matasanmu na Dutse a 'yan shekarun nan. Da zarar an ce zaɓen shugabannin ƙungiya ya matso, sai fastoci su cika WhatsApp da Facebook: saurayi ya sha babbar riga, ya karya hula, ya dafa ƙirji, an maƙala masa Kwamared ko Ambasada a gaban suna, a ƙasa kuma an rubuta cewa lokacin ceto ya yi. Kai ka ce kujerar majalisar jiha ake nema, alhali shugabancin reshen ƙungiyar sa kai ne, wadda duk mambobinta ba za su cika aji guda ba.

Takarar kanta ba ni da ja da ita. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 garin ya cika da samari da 'yan mata masu jini a jika, suka kuma san ƙungiyoyin da rassansu suka zagaye duniya, irin su Red Cross da Sikawut da JCI da Rotaract. Akwai abin koyo a tsarinsu. A JCI, wadda ta samo asali a birnin St. Louis na Amurka a 1915, ba a zama mamba sai tsakanin shekara 18 da 40, kuma wa'adin shugaba shekara ɗaya ne tak, ka yi ka sauka ka ba wani. A ƙasar da shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa kan zauna kan kujera har furfura ta cim masa, yaron da ya saba da sauka tun yana ɗan ashirin da 'yan kai ya samu tarbiyyar da makaranta ba ta bayarwa. Ga shi tun 2018 doka ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, don haka waɗannan yaran su ne za mu gani a takardar ƙuri'a nan gaba kaɗan.

Abin da ke damuna shi ne kayan da suka kwaso daga siyasar jam'iyyu. Ɗan takara ya tura wa masu zaɓe kuɗin data. Ya biya wa abokansa kuɗin rajista ana saura mako guda zaɓe, mutanen da ba su taɓa riƙe tsintsiya ranar shara ba. Sai kuma maganar karɓa-karɓa: Dutse ta yi bara, bana a bar wa Ringim ko Birnin Kudu. Na taɓa zama a wajen tantance 'yan takarar wata ƙungiya a wani ajin makaranta, ana ta fifita da takarda saboda babu wuta. Wata yarinya ta tashi da littafi mai baƙin bango wanda gefensa ya tattare don yawan buɗawa. A ciki akwai sunayen masu ba da jini, da rukunin jinin kowa, da unguwarsa, da ranar da ya bayar na ƙarshe. Ta yi bayani a taƙaice, muryarta na rawa, ta zauna. Abokin karawarta ya yi dogon jawabi da Turanci kan makomar matasan Afirka, 'yan rakiyarsa suna ta tafi. Shi aka zaɓa. Ban ce ba shi da kirki ba, amma babu wanda ya tambaye shi ko ya san ƙofar ɗakin karɓar jini.

Abin mamaki, wasu daga cikin ƙungiyoyin nan sun daɗe da hango wannan matsala. Dokokin Rotary, wadda Rotaract ke ƙarƙashin inuwarta, sun hana mai neman muƙamin uwar ƙungiya yin kamfe ko bin mutane yana roƙon ƙuri'a. Kwamiti ne ke duba tarihin aikin mutum ya fitar da shi. Ta wannan hanya Jonathan Majiyagbe, lauyan da ya yi zamansa da aikinsa a Kano, ya shugabanci Rotary ta duniya daga 2003 zuwa 2004, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar. Daga reshen Kano ya taso, nan kusa da mu, kuma shekaru ya kwashe yana hawa mataki bayan mataki.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. A ƙauyukan Kiyawa da Jahun, sarkin samari ba ya buga fasta. Wanda ake gani ya riga kowa isa gonar gayya, wanda in ya yi kira ake fitowa, shi ake naɗawa. Aikin kuwa yana nan jibge yana jira. Ambaliyar 2022 ta raba dubban mutane da gidajensu a Ringim da Miga da Kafin Hausa da sauran garuruwan bakin kogi. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, mutane sama da 150 suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano. A irin wannan dare abin da ake nema shi ne wanda ya iya taimakon gaggawa, wanda ya san wa zai kira a samu mota, da mai littafi irin na yarinyar can.

Sai maganar hawa sama. Matasanmu kan yi ƙorafi cewa muƙaman ƙasa na ƙungiyoyin nan duk 'yan Legas da Ibadan ke kwashewa, an mayar da Arewa 'yar rakiya. Akwai ƙamshin gaskiya, domin kuɗin mota da masauki zuwa babban taro a Kudu ya fi ƙarfin ɗalibi ko mai ɗinki a Dutse, kuma ba kowane uba zai bar 'yarsa ta tafi ba. Amma a wasu daga cikin ƙungiyoyin nan ana ƙirga ƙuri'ar reshe ne da yawan mambobin da suka biya kuɗin shekara, kuma reshen da ake bi bashi ba shi da bakin magana a zauren. Kuɗin da aka ɓatar kan fasta da riguna masu hoto da ya biya wa reshen bashinsa.

Da ni ke tsara zaɓen, sai in hana fasta gaba ɗaya, in rufe rajistar masu zaɓe wata uku kafin ranar, in kuma sa kowane ɗan takara ya kawo aiki guda da ya yi lokacin da ba ya riƙe da komai, tare da wanda zai shaida. Shugaba mai barin gado kuma kada a miƙa masa takardar yabo sai ya ajiye littafin kuɗi da sunayen mambobi a gaban taro, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa yana ji.