Jinjina ga Masu Babur Mai Ƙafa Uku na Assamaka

Idan jami'an Aljeriya suka sauke baƙin haure a wurin da ake kira Point Zéro, sai baƙin sun taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Assamaka, ƙauyen farko na Nijar. Wasu ƙafafunsu sun kumbura, wasu na goye da jarirai.

Nan ne 'yan sa-kai na ƙungiyar Alarme Phone Sahara suke fitowa da babur mai ƙafa uku, ɗauke da jarkokin ruwa. Su shayar da masu ƙishi, su kwaso waɗanda suka galabaita zuwa asibitin ƙauyen, inda ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ke wanke raunuka.

Ofishin 'yan sa-kan yana Agadas, amma a bakin iyaka suke wannan hidima da ta cancanci jinjina.