Kada a durƙusar da akori-kura a Yerwa

Ɗan yayata ya gaji wata farar Peugeot 504 akori-kura daga mahaifinsa, haɗin Kaduna. Ranar Juma'a ya zo yana nuna mini bidiyon wata tsohuwar Chevrolet C10 ta Amurka, an sauke ta har cikinta na neman shafar kwalta. Ya ce, "Kawu, haka nake so a mayar da ta Baba." Har ya gama lissafi: a zare falle biyu daga sifirin ɗin baya, a datse na gaba, a sa tayoyi masu faɗi.

Na ji daɗin cewa yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya dubi wannan mota ya ga kyau a jikinta, a lokacin da 'yan'uwanta ke ƙarewa a hannun masu sayen ƙarafa. Amma shawarar tasa ban yarda da ita ba.

Sauke mota al'ada ce mai asali. Matasa 'yan asalin Meziko mazauna Los Angeles ne suka raya ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna tafiya a hankali a kan shimfiɗaɗɗun tituna don a gan su, a san da zamansu. A 1958 jihar Kalifoniya ta haramta irin wannan saukewa, sai suka ƙirƙiro na'urar da ke ɗaga mota idan an hango 'yan sanda, ta kuma sauke ta idan an wuce. Sai a farkon 2024 aka janye dokar. Ina girmama wannan tarihi. Titunansu ne suka haife shi.

Namu titunan wani abu daban suka haifa. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, akori-kura ta zama jakin Borno. Ita ke ɗauko bandar kifi daga Baga, ita ke kai wake da albasa Gamboru Ngala da Banki, ita ke ratsa yashi da rani, ta ratsa laƙar firgi ta wajen Dikwa da damina. Abin da direbobinmu suka saba yi shi ne ƙara falle a sifirin, don ta ɗauki kaya ba tare da ta zauna ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashan Baga ya ga an lafta mata buhuna har sun fi kan direba tsayi, ta kuma tashi, ya san darajarta a tsayinta take. Wanda kuma ya ga ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday a Yerwa, ba zai manta ba cewa kwale-kwale da manyan motoci masu tsayi ne suka iya shiga su fito da mutane.

Sai kuma aikin kansa, wanda nan ne na fi jin tsoro. Sifirin da aka datse ba ya komawa. Wanda mai walda ya gasa da wuta don ya lotsa ya rasa ƙarfinsa, wata rana kuma zai karye ba sallama. Idan mota ta sauka, tazarar da shokazoba ke wasa a ciki ta ragu, duk ramin da aka faɗa jikin motar ne zai sha dukan. Tayoyin gaba su karkace su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Salansa da tukunyar baƙin mai su matso ƙasa, tudun rage gudu guda ɗaya ya isa ya fasa tukunyar, injin ya buga kafin direba ya ankara. Masu yin wannan aiki a Amurka sifirin da shokazoba da aka ƙera musamman don saukewa suke saye. Ɗan yayata da zarto da wutar walda yake shirin yi.

Na gaya masa idan ya nace, to ya bar sifirin na asali a ɗaki, ya nemi wasu a 'yan gwangwan ya yi gwajinsa da su, kuma kada ya wuce inci biyu. Amma abin da na fi so shi ne ya kashe kuɗin a kan fenti, kujeru, birki da wayoyin wuta, ya bar ta a tsaye kamar yadda mahaifinsa ya tuƙa ta shekara da shekaru.

Gidansu a Bulumkutu yake, kuma daga ƙofarsu zuwa kwalta yashi ne da kwazazzabon da ruwan bara ya haƙa. Mun yi da shi ranar Asabar zan zo da abin awo, mu bi layin da ƙafa, mu auna kowane tudu da kowane rami kafin ya kira bakanike.